Littafin da Mati Baduku Ya Ɗinke

Babana Mati Baduku ya yi shekara goma sha shida yana aiki a ƙarƙashin littafin da bai taɓa buɗewa ba, yana kuma gaba da wanda ya rubuta shi. Marubucin kuwa ƙanensa ne, ciki ɗaya. In ka ce wauta ce ba zan yi musu da kai ba, don ni 'yarsa Asma'u na sha faɗin haka a raina, wani lokaci ma a fili. Amma bari ka ji yadda aka yi tukuna.

Ƙauyenmu Hillar Mudi yana bakin kogi, kudu kaɗan da Mai Wurno. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka ya da zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Kakan Baba ya zo da basillarsa a zabira, ita ce gadon gidanmu. Baba yana da rumfa a ƙofar gida inda yake ɗinkin kuben wuƙa da takalma da jakunkuna, amma an fi saninsa da ɗinkin laya. Daga Dindir, daga Abu Hujar ake kawo masa. Malam ya rubuta, ya naɗe, ya ɗaure da zare, Baba ya rufe da jar fata. Dukawa kuwa suna da ƙa'ida guda da ba sa wasa da ita: abin da aka miƙo maka a naɗe, ba ka buɗewa, ba ka leƙawa, ba ka tambaya. Baba yakan ce baduku hannu gare shi, ba shi da ido. Yana ji da wannan magana kamar shi ya ƙago ta.

Mahaifinsu ya rasu Baffa Mujtaba yana ɗan shekara huɗu, Baba kuwa ya kai ashirin, don haka shi ya raine shi. Ya so ya koya masa sana'a, sai ya tarar kullum yaron kansa yake sokewa, fatar tana nan lafiya lau. Ya haƙura ya kai shi makaranta a Sinnar, ya ɗinka masa jakar littattafai ta jar fata mai tsawon rataya, wadda aka ce har gwiwa take kai masa. Daga nan Baffa ya wuce jami'a a Hartum, ya zama malami, ya shiga rubutu a jaridu. In ya zo hutun Sallah ba ya zama cikin maza, wurin tsofaffin mata yake tarewa yana tambayarsu labarin hanya, yana rubutawa. Baba yana karatun Alƙur'ani, yana karanta Hausar ajami, yana ciniki da Larabci, amma Larabcin jarida ya fi ƙarfinsa. Duk da haka duk jaridar da aka nuna masa sunan ƙanensa a ciki sai ya adana ta a ƙarƙashin katifa.

A shekarar 1993 labari ya zo cewa Mujtaba ya rubuta littafi, littafin kuma ya taɓa addini. Da farko cewa aka yi a ciki akwai wata mace da ta yi wa Ubangiji tambayar da ba ta dace ba. Kafin labarin ya ƙetare kasuwa ya zama ya zagi malamai, kafin ya kai bakin kogi ya zama ya ce kakanninmu ba hijira suka yi ba, yunwa ce ta koro su. An yi huɗuba a kansa a Madani, an hana sayar da shi. A Hillar Mudi ba wanda ya gan shi da ido, amma kowa ya san abin da ke ciki.

Ana cikin haka sai Tarik, direban hafla, ƙaramar motar da ke jigila tsakaninmu da Sinnar, ya kawo wa limaminmu Malam Audi littafin. Malam bai yarda ya taɓa shi da hannu ba, farin ƙyalle ya shimfiɗa aka ɗora, ya naɗe, ya ɗaure. Bayan sallar Juma'a aka taru a gindin bedi, wato dalbejiya, don a san yadda za a yi da shi. Na ji labarin taron nan daga bakuna da yawa, kuma duk lokacin da na ji ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Wani ya ce a ƙone shi.

"An ce akwai ayoyi ciki," in ji Malam Audi. "In munka ƙone shi da wulaƙanci, mun wulaƙanta ayoyi. In munka ƙone shi da ladabi, mun girmama saɓo. Wanne kuka so?"

Ba wanda ya so ko ɗaya. Wani ya ce to a jefa shi a kogi, halas, shi ke nan, a huta. Wani tsoho ya miƙe yana kaɗa sanda.

"Ku da ka wanke allo ku sha, ba ku san rubutu na bin ruwa ba? Mu sha, shanunmu su sha, ya gangara Sinnar ya shiga tur'ar ban-ruwa, a ba gonakin audugar Jazira duka? Wallahi ba da ni ba."

Aka ga gaskiyarsa. Aka ce a binne. A maƙabarta? Aka ce mutanen ciki ba su yi laifin komai ba. A gona? Aka ce dawa za ta tsotsa. Har la'asar ana abu ɗaya, littafi na ajiye a tsakiya kowa yana kewaye shi. Daga ƙarshe Malam Audi ya juya ya dubi Baba, wanda tun farkon taron kansa yake ƙasa.

"Mati, kai munka zaɓa. Ɗunke shi kamar laya, kada ido shi sake ganin shi. Ka yi rantsuwa ba ka buɗewa."

Kowa ya gane ba ɗinki kaɗai ake nema ba, ana so a ga inda yayan marubuci ya tsaya. Baba ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Sannan, ba tare da an tambaye shi ba, ya ƙara da cewa daga yau ba shi ba Mujtaba, sai in ya zo da ƙafarsa ya faɗi abin da ya sa. Ya zaɓi fata mafi kyau a rumfarsa, don shi ko abin da ya tsana ba ya iya yi wa mummunan ɗinki, ya bi gefen sau biyu, ya yi masa maratayi, ya rataye a jikin azarar rumfa.

Abin da ya fi ci masa rai ba saɓon ba ne, don wannan bai san iyakarsa ba. Na ji shi yana faɗa wa Inna Bilkisu, mahaifiyata: "Ko takarda bai aiko min ba. Ni da nar rene shi, sai dai in ji ga bakin mutane. Da layi ɗaya yar rubuto, da na san abin da nika cewa." Wata uku duk haflar da ta tsaya sai ya ɗaga kai. Daga baya muka ji Baffa ya bar ƙasar ya koma Alƙahira, kuma shiru, ba saƙo.

Yanzu ga inda abin ya fara rikicewa. Shekarar babban ruwa kogi ya cika ya shigo gari, ya rushe gidajen da ke kewaye da mu, namu ya tsaya. Dalili a fili yake, gidanmu a kan tudu yake, ko akuya ta san haka. Amma mutanen da suka fake a rumfar Baba suka ɗaga kai suka ga ƙatuwar laya tana lilo. Rabi'atu ungozoma, wadda aure ya kawo daga Dindir bayan an yi taron gindin bedi, ba ta san tarihin abin ba. Wata rana haihuwa ta zo wa wata da gardama, Baba yana kasuwar Mai Wurno, sai Rabi'atu ta zo a guje ta roƙi Inna aron babbar layar. Inna ba ta iya cewa a'a ga mai naƙuda. Aka rataye a kan gadon matar, kafin azahar ta sauka.

Da Baba ya dawo ya ji, sai da ya zauna a ƙasa.

"Bilkisu, littahin kahirci na hwa!"

"To, yaron dai ya hito lahiya," in ji Inna, ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Aka yi wa Rabi'atu bayani. Ta saurara tsaf, ta ce ai ga amsa nan, tunda akwai ayoyi a ciki, ayoyin ne suka danne saɓon, su ke aiki. Daga nan duk haihuwar da ta yi nauyi sai a aiko. Baba ya shiga tsaka mai wuya. In ya hana aka sami matsala, shi ne. In ya bayar, ya ba da abin da gari ya la'anta. Sai ya ɗauki dabarar shiga bayan gida duk lokacin da ya hango Rabi'atu, in ya fito ya tarar azara ba kowa, ya yi kamar bai lura ba. Ranar da Sharifa 'yar Malam Audi ta kwana biyu tana naƙuda, daga gidan liman aka aiko. An ce Malam yana zaure aka wuce da abin ta gabansa, ya duƙufa a kan carbinsa bai ɗago ba.

A 2006 aka bugo waya shagon bakin tasha cewa Baffa Mujtaba ya rasu a Alƙahira, an binne shi can. A nan in an yi rasuwa, ko a ina mutum ya mutu, danginsa sukan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, duk wanda ya zo ya cire takalmi, ya ɗaga hannu a yi Fatiha tare, sannan ya zauna a ba shi shayi. Baba ya je ya tambayi Malam Audi ko ya shimfiɗa. Malam ya daɗe yana shafa gemu, ya ce Allah ne masani. Bai hana ba, bai kuma ce a yi ba. Baba ya dawo ya zauna a rumfa ya ɗauki wani takalmi yana ɗinki, ya warware, ya sake. Inna ta yi kukanta a madafa. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, na yi mako ban gaishe shi da kyau ba, kuma har yau ina jin kunyar haka.

Bayan shekara uku, a 2009, takarda ta zo daga wani kwamiti a Hartum. Lokacin ina koyar da Larabci a makarantar 'yan mata a Sinnar, ina zuwa gida duk Alhamis, ni na karanta masa. Sun ce an yanke shawarar ba marigayi Mujtaba lambar girma ta ƙasa saboda hidimarsa ga adabi, kuma ana gayyatar babban yayansa ya zo ya karɓa nan da mako uku. Baba ya sa na maimaita. Na maimaita.

"Wane Mujtaba?"

"Baba, Mujtaba nawa gare ka?"

"To littahin ya canza na, ko su sunka canza?"

Kafin magariba gari ya ɗauka, kuma daga ranar rumfar Baba ta zama kotu. Matasa suka zo da Larabcinsu mai gudu, suka ce shekara ɗari muna ƙasar nan ana kiranmu baƙi, yau an wayi gari an ce ɗanmu abin alfaharin ƙasa ne, in Baba ya ƙi zuwa ya zubar da ruwan da ba ya kwasuwa. Dattawa suka zo suka ce ƙasar Musulmi ta rataya wa wanda ya taɓa addini lamba, wannan tofa mana yawu ne a ido, in Baba ya je to ya nemi wani sahun a masallaci ba na gaba ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a cikinsu Tarik ne, wanda yanzu ya bar tuƙi ya riƙe dogon carbi. Akwai kuma masu cewa a karɓi lambar amma kada a yi murna, da masu cewa a yi murna amma kada a karɓa. Wani ma cewa ya yi a karɓo a ba Baba ya ɗinke.

Baba tambaya ɗaya yake yi wa kowa: "Ka karanta shi?" Matasan suka ce sun ga an yabe shi a jarida. Dattawan suka ce sun ji an tsine masa a huɗuba. Ya juyo kaina, ni malamar Larabci da nake ta hura hanci. Na sunkuyar da kai. Ban karanta ba, ba a samunsa a shaguna, kuma gaskiya ban wahalar da kaina wajen nema ba, na fi jin daɗin jin haushi.

Ya daina cin abinci sosai. In ya zauna sai ka ga yana magana shi kaɗai. In ƙanensa ya yi saɓo, zuwa Hartum cin amanar addini ne. In bai yi ba, to shi Mati ya yanke zumunci, ya hana mamaci Fatiha a kan jita-jita, wannan kuma da me zai je gaban Allah? Da na gaji da kallonsa haka na ce, "Baba, kana ta tambayar mutane, ga abin nan bisa kanka yana lilo."

"Na yi rantsuwa, Asma'u."

"Rantsuwa tana da kaffara."

Ya harare ni, amma washegari ya tafi gidan liman. Malam Audi ya tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya yake ji. Ya ce a ciyar da miskinai goma, in ba hali a yi azumi uku. Baba don kada a sami kuskure ya yi duka biyun. Da zai fito, Malam ya riƙo hannun rigarsa ya rage murya.

"In ka buɗe, ka zo ka gaya min abin da ac ciki."

Wadda ta tayar da ƙura ita ce Rabi'atu. Ta zo ta tsaya a bakin rumfa ta riƙe ƙugu, ta ce kowa ya san laya in an buɗe ta karye, ga masu ciki shida a gari, ɗaya ma watanta ya tsaya, in wani abu ya faru Mati ne. Baba ya ce mata ba laya ba ce, littafi ne. Ta ce yara sama da arba'in ta karɓa a ƙarƙashinsa, shi nawa ya karɓa? Aka yi sa'a mai watan ta haihu da kanta ran Talata, Rabi'atu ta sassauta, ko da yake ba ta yafe ba.

Ran Juma'a da hantsi Baba ya sauko da littafin. Daga shi sai ni sai Inna a bakin ƙofa. Fatar ta yi baƙi saboda hannayen mata. Ya sa aska yana bin ɗinkin, ɗinki ya ƙi, ya ce cikin ƙunƙuni, "Dubi aiki, shekara sha shidda ko zare bai motsa ba." Na ce a raina, mutumin nan ko a wannan hali sai ya yabi kansa. Ya kwance farin ƙyallen Malam. Littafi ne ɗan madaidaici mai shuɗin bango, bai kai rabin girman da nake zato ba. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Na buɗe bangon. A shafin farko akwai rubutun hannu da biro. Na fara karantawa na tsaya, haruffan Larabci ne amma ba su ba ni ma'ana ba. Ajami ne, mu kuwa 'yan makarantar gwamnati ba mu iya shi ba. Na ce, "Baba, wannan naka ne." Ya karɓa, ya fita cikin rana don idonsa ya yi rauni, ya kai takardar kusa da hanci, yana bi da yatsa, yana karantawa a fili:

"Yaya Mati, ga abin da jikkar da kaɗ ɗunka min tah haifa. Ka sa a karanta ma. In na yi kuskure, kai ka gaya min, ba wani ba. Ina jiran amsarka. Ƙanenka Mujtaba."

Ya karanta sau uku. Inna ta toshe baki da mayafi. Bai yi kuka ba, sai ya ɗauki hularsa ya nufi gidan Tarik, ni ina biye. Muka same shi a kan tabarma. Baba bai yi sallama ba, ya buɗe shafin ya nuna masa. Tarik ya dubi rubutun, ya dubi ƙasa, carbin ya tsaya.

"Shi yab ba ni da hannunai, tashar Sinnar. Ya ce in kawo ma, yana jira, ba ya shigowa gari sai ka ce shi zo. Ni kau na ji abin da aka hwaɗi Madani, na ce in na kai ma Mati na sa shi cikin wuta. Wallahi tsare ka niy yi niyya."

"Ya jira?"

"Kwana biyu yana tasha."

"Mi kag gaya mai?"

Sai da Baba ya sake tambaya Tarik ya amsa.

"Na ce ka karɓa, ka ɗunke, ka ce ba kai ba shi."

Na so in zage shi, kalmomin ma sun zo bakina. Baba ya riƙe hannuna. Ya ce, "Bai yi ƙarya ba, Asma'u. Haka niy yi." Muka juyo gida.

Na ɗauki hutu a makaranta. Kwana tara, daga azahar zuwa la'asar, ina karanta masa littafin ina juyawa da Hausa. Na ɗauka in mun gama za mu san gaskiya, ashe ƙara dulmiya za mu yi. Labarin ayari ne da ya taso daga yamma. Akwai wurin da wata mata jaririnta ya mutu da ƙishirwa a hanya, ta ɗaga kai sama ta ce, "Gidanka muka nufa, haka ake tarbar baƙo?" Na yi a'uziyya kafin in juya masa. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce wannan kakarsu ce, da kunnensa ya ji ta ba da labarin, kuma duk lokacin da ta faɗa sai ta yi istigfari ta yi kuka, ta mutu da carbi a hannu. Na duba, shi ma littafin ya kawo istigfarin, shafi biyu a gaba, inda mai gaggawa ba zai kai ba.

Amma akwai wuraren da ba kaka ba ce, Baffa ne da kansa. Ya yi wa malamai ba'a mai zafi. Ya kawo wani baduku da ke ɗinke takardun da bai san me ke ciki ba, Baba ya yi tsaki ya ce yaron nan ba shi da kunya, can kuma sai ya yi dariya, dariyar ta koma wani abu. Akwai shafi guda kusa da ƙarshe da ni kaina na ji ya wuce gona da iri, na ƙi juyawa. Ya matsa, na juya. Ya ce, "Nan ya yi kuskure. Nan da na ja kunnenai." Sai ya dubi shafin farko ya rufe littafin, ranar ba mu ƙara ba.

Da muka kai ƙarshe na tambaye shi, to ya cancanci lambar ko bai cancanta ba? Ya ce in ɗauko takarda in rubuta wa kwamiti. Ga abin da ya sa na rubuta: ya gode; shi baduku ne, bai san ma'aunin da ake auna littafi ba; ya ji wurin da ya sa shi kuka, ya ji wurin da ya sa shi neman tsari, bai san wanne ya rinjayi wani ba; in sun ga ya dace su bayar, in sun ga bai dace ba su bari; shi ba zai sami zuwa ba, yana da wani aiki ranar. Lambar dai daga baya mun ji wani abokin Baffa ya karɓa, kuma har yau in hira ta ƙare a tasha ita ake tayarwa.

Ranar da ake bikin a Hartum, bayan sallar asuba Baba ya kwashe fatu da kayan aiki daga rumfa, ya share, ya shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Ya sa Inna ta ɗora shayi a babbar tukunya. Ya sa farar riga ya zauna. Mutane suka riƙa wucewa suna rage tafiya, suna tambayar juna wa ya rasu a gidan Mati, in an gaya musu sai su tsaya daga nesa. Matasa ba su gane ba, su dai Hartum suka so ya je. Dattawa ba su gane ba, sun ɗauka ƙin zuwansa yana nufin yana tare da su. Ta ƙofar baya Rabi'atu ta shigo da mata, kowace da yaro a hannu ko a baya, suka cika tsakar gida. A waje kuwa tabarmi ba kowa. Da hantsi Malam Audi ya zo yana dogara sanda, ya zauna a kan dakali, ƙafarsa ɗaya a kan tabarma, ɗaya a ƙasa da takalmi.

"Mati, mi ac ciki?"

"Malam, an karanta min shi duka. Har yanzu ban sani ba."

Malam ya gyaɗa kai, bai ɗaga hannu ba, bai kuma tashi ba.

Wajen azahar wani baƙo ya sauka daga hafla, mutumin Dindir, ya kawo laya a ɗinka masa. Bai san komai ba. Ya ga tabarmi, ya cire takalmi, ya nufi Baba ya ɗaga hannu. Baba ya miƙe da sauri har ya yi tuntuɓe, ya ɗaga nasa, suka karanta Fatiha. Ina leƙe ta ƙofa.

"Allah shi ba da haƙuri. Wa yar rasu?" in ji baƙon.

"Ƙanena."

"Allah shi jiƙan shi. Yaushe?"

"Shekara ukku ke nan. Takarda yab bar min, yau nika ba shi amsa."

Baƙon ya dubi Malam Audi, ya dube ni, ba wanda ya yi masa bayani. Ya gyara riga ya zauna a kan tabarma. Baba ya ɗauki butar shayi zai zuba masa, hannun da bai taɓa kuskuren basilla ba ya kasa samun bakin kofi, sai da na fito na karɓa.